Jan Karto Tsakanin Taubasai

Dutsin Gawo gari ne na kan tudu a ƙasar Buza, inda duwatsu suka fi ƙasar noma yawa. A garin akwai masu suna Iro har biyar, amma in ka ce Mushe Iro, wato Malam Iro a bakin ƴan boko, babu mai sake tambayarka wanne. Shi ne sirbeyan na kolej, mai tsayawa bakin ƙofa da safe yana duba wanda ya makara, da wanda ya tsallake katanga, da wanda ya zo da riga a buɗe. Gajere ne, baƙi, mai ɗan tumbi, kuma shekara ashirin da ɗaya shi ya riƙe ekip, wato ƙungiyar ƙwallo ta makarantar. Abin dariyar shi ne bai iya ƙwallo ba. Wallahi in ka ga ya ɗaga ƙafa zai buga, gara ka matsa gefe, don shi kansa bai san inda za ta nufa ba.

Maraya ne tun yana ƙarami. Kakansa yana cikin masu yanka baƙin bunsuru a gindin dutse kafin ruwan fari, ubansa ne ya fara salla a gidan, bai kuma daɗe ba ya rasu, ya bar matarsa Lantana da ƴaƴa biyu, Iro da yayarsa. Bayan yunwar tamanin da huɗu, Lantana ta ɗaure ɗamara ta ja su zuwa ƙasar Keita, inda ake jera duwatsu a gangaren tudu don tare ruwa, ana ba ma'aikata abinci. Iro ya riga ya gama kolej a lokacin, ya iya karatu da awo, sai aka ba shi igiya aka ce shi ne mai duba layi. Mata suna ɗauko dutse a kai, shi yana bi yana cewa wannan ya fita, a gyara. Uwarsa ma bai ƙyale ta ba. Har yau Inna Lantana tana ba da labarin ranar da ɗan da ta haifa ya sa ta kwance jeri guda ta sake, da tsakar rana, a gaban mutane. Tana faɗa tana tsaki, amma duk wanda ya san ta ya san alfahari take yi.

Ita kuwa ƙwallo faɗo masa ta yi. An ɗauke malamin wasanni an kai Tawa, ba a turo wani ba. Direkte, shugaban makarantar, ya duba ya ga babu wanda yara ke shakka sai sirbeyan, ya miƙa masa buhun riguna da ƙwallo biyu. Iro bai san dabarar kai hari ba, bai san ta tsaron gida ba. Tsari ya sani, da shi kuma ya fara. Filin kolej a lokacin cike yake da duwatsu masu cire farce, ga kwari yana cin gefensa duk damina. Iro ya kafa doka: wanda ya makara wajen motsa jiki zai tsince tasa uku ta dutse daga fili, ya kai bakin kwarin ya jera. Wanda arbitir, alƙalin wasa, ya ba karto rawaya, tasa goma. Jan karto, tasa talatin. Babbar dokar kuma, babu mai yi wa arbitir magana sai kapiten, shi ma hannu a baya. Taɓa arbitir kuwa, ko da ɗan yatsa ne, ba a ma kawo shi a zance. Cikin shekara shida filin ya yi sumul, kwarin ya tsaya inda yake, mutanen gari suna cewa rashin jin yaransu ne ya gina wa kolej katanga.

Ekip ɗin Mushe Iro ba ta da daɗin kallo, wannan gaskiya ce. Ba su iya yanka ba, ba su iya burgewa ba, sai gudu da tsayawa inda aka ajiye su. Ka taka su, su tashi su kakkaɓe jiki su ci gaba. Ka zage su, su yi kamar ba da su kake ba. Yaran Madawa suka sa musu suna ƴan salamu alaikum. To amma ƴan salamu alaikum ɗin nan sun sha kora gwanaye gida. Gwani in ya yi awa guda yana gudu bai ci ba, sai ransa ya ɓaci ya yi ƙeta, a kore shi ko a ba da penalti, shi ke nan wasa ya tashi ɗaya ba ko ɗaya.

Abu guda ne Allah bai ba Iro ba, kuma shi yake so kamar ransa: kup. Duk shekara kolej-kolej na ƙasar Madawa da Buza da Keita suna karawa a kan kup guda, kuma Iro bai taɓa ɓoye wa kowa cewa yana son ya kawo shi Dutsin Gawo kafin ya ajiye aiki ba. Matarsa Sa'a ta ce ko tuwo yake ci, in ka ga ya tsaya da loma a hannu, to jera yara yake a ransa. Sau biyu ya kai final. Na farko aka zuba musu huɗu, babu abin cewa. Na biyu kuwa shi ya kayar da kansa.

Shekara tara ke nan kafin ya bar aiki. Yana da wani yaro Abdulkadir, ɗan Yunusa mai shayi na bakin tasha, wanda shi kaɗai ya ci rabin ƙwallayen shekarar. A wasan kusa da final yaron ya fusata ya ture arbitir a ƙirji. Arbitir ɗin ya ji tsoron ƴan kallo ya yi kamar ba a taɓa shi ba, babu karto, babu komai. Iro ya ce shi dai ya gani, kuma Abdulkadir ba zai buga final ba. Yunusa, da furfurarsa, ya zo har gida ya cire hula ya durƙusa, ya ce ɗa namiji guda gare shi, a yi masa rai. Iro ya ɗaga shi, ya ba shi ruwa, ya ce a'a. Aka ci su ɗaya a final. Abdulkadir ya bar makaranta a shekarar ya tafi Abijan. Yunusa ya yi shekara guda ba ya amsa gaisuwar Iro. Daga baya suka shirya, har ya zama kullum a teburinsa Iro yake karya kumallo, amma ba su taɓa tayar da zancen ba.

Sai ga shi a shekarar Iro ta ƙarshe, Allah ya ba shi gwani a cikin ɗakinsa. Autansa ne, Alhusaini. Tagwaye aka haife su, ɗan'uwan ya koma tun suna cikin zanen goyo, sai Inna Lantana ta ɗauke wanda ya rage ta shagwaɓa shi son ranta, tana kiransa maigidana. Yaron yana da shekara goma sha shida, siriri, ƙwallo tana bin ƙafarsa kamar ɗan akuya da uwarsa. Ba shi da faɗa, ba shi da zagi. Ciwonsa wasa. Kullum haƙoransa a waje, kullum yana da wanda zai tsokana, kuma babu yaron da ya ɗauki dutsen makara kamarsa. Da shi ekip ɗin ta share kowa a shekarar, har gari ya fara cewa bana kam ta Mushe ce.

Wasan kusa da final aka yi a Madawa ranar wata Asabar, da wani kolej na wajen Sabon Gida. Arbitir ɗin da aka sa, moto, wato babur, ta mutu masa a hanya. Aka jira, aka gaji, aka ce mai riƙe tuta ya karɓi sifile ya busa. Mai riƙe tutar nan kuwa Idrisa ne, malamin makaranta a ƙasar Madawa mai takardar alƙalancin wasa, kuma ɗan yayar Iro. A gidan Iro ya yi karatun kolej shekara huɗu. Shi da Alhusaini ke nan taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Tun Alhusaini yana rarrafe yake jan kunnen Idrisa. Ya kira shi bawana, ya ɓoye masa takalmi ranar Juma'a, ya cinye masa nama a kwano, kuma Idrisa, da shekarunsa talatin da uku da mata da ƴaƴa, ba shi da ikon yin fushi, sai dai ya rama da baki. Iro da kansa ya je ya gaya wa malamin ƴan Sabon Gida cewa arbitir ɗin nan ɗan ƴar'uwarsa ne. Malamin ya ce a ƙasar nan wa ba dangin wani ba ne, a busa kawai, rana tana tafiya.

Idrisa ya busa wasan daidai, ko ƴan Sabon Gida ba su sami abin cewa ba. Alhusaini ya ci ɗaya kafin hutu, ya ƙara ɗaya bayan an dawo. Saura minti biyar a tashi, ya sake zura ta uku, Idrisa ya busa ya ce satar gida ce, an soke. Biyu ba ko ɗaya, wasa ya riga ya ƙare, babu abin fushi. Yaron ma bai yi fushin ba. Murna ce ta cika shi har ta yi yawa. Ya taho da gudu yana dariya, ya wuce ta bayan Idrisa, ya fige hular da ke kansa ya ɗora a nasa, ya juya wajen ƴan kallo ya ɗaga murya.

“Jama'a, ku yi haƙuri da bawana! Rana ta dake mashi sanƙo, ba shi gani!”

Sanƙon Idrisa ya fito fili yana ƙyalli. Mutanen Dutsin Gawo da suka cika mota suka zo, dariya har da masu faɗuwa ƙasa, don sun san abin da ke tsakani. Idrisa kansa sai da bakinsa ya motsa zai yi murmushi. Sannan ya tuna inda yake. Ya dubi ƴan Sabon Gida goma sha ɗaya da suka tsaya suna kallonsa, ya sa hannu a aljihu ya ɗaga jan karto.

Alhusaini ya ɗauka cikin wasan ne, har ya miƙa hannu zai karɓe karton ma. Sai da ya ji muryar ubansa daga bakin layi tana cewa ya fito, sannan ya mayar da hular ya fita, yana ta dariyarsa. Dokar gasar a fili take: wanda aka ba ja ba ya buga wasa na gaba, wasa na gaba kuma final ne, Asabar mai zuwa, a Buza. Amma a motar komawa gida waƙa ake ta yi. Kowa ya ɗauka magana ce ta cikin gida, za a gyara. Iro kaɗai ya zauna gaban mota, ba ya cikin masu waƙar.

Washegari da hantsi Inna Lantana ta aika aka kirawo Idrisa, wanda ya biyo motar ya kwana a gari. Ta zauna a tabarmarta a tsakar gida, Iro yana tsaye gefe, Idrisa ya durƙusa.

“Kai Idi, mi maigidana yay yi maka?”

“Inna, hulata yac cire, cikin fili, ina bisa aiki.”

“Hula! Jiya anka fara cire maka hula? Ran aurenka wa yac cire ta gaban surukanka? Ka yi hushi?”

“Ban yi ba. Ko jiya ban yi hushi ba, Inna.”

“To in ba ka yi hushi ba, don mi kak kore shi gaban duniya?”

Idrisa ya ce doka ce. Inna ta ce dokar wa, ta girmi tasu? Ta ce tun da ta buɗe ido ba ta taɓa jin an kai wasan taubasai gaban hukuma ba, sai a kan jikokinta, abin kunya. Sannan ta juyo kan Iro.

“Kai kuma ka tsaya kana kallona awa baƙo. Ɗanka na, ɗan ƴar'uwakka na. Ka gaya mashi shi goge abin nan, in ji ni.”

Da suka fito zaure su biyu, Idrisa ya ciro takardar wasan daga jakarsa ya nuna wa kawunsa. Wurin rubuta karto babu komai, bai cike ba. Ya ce sai gobe Litinin zai miƙa ta a Madawa. In ya rubuta rawaya maimakon ja, babu mai tayar da magana, don malamin Sabon Gida ma da ya ji dangantakar dariya ya yi, ya ce shi ma yana da nasa taubashin mai hana shi sakat.

“Kawu, kai kar riƙe ni, ba ni iya ce maka a'a. Ka hwaɗi abin da za ni rubuta, in rubuta.”

Kada wani ya ce Iro bai so ba. Ya so, ƙwarai kuwa. Wunin Lahadin nan kaf yana gardama da kansa, kuma duk hujjar da ya kawo mai kyau ce. Yaron bai yi da fushi ba. Bai zagi kowa ba. Arbitir ɗin da aka taɓa ya ce bai ji haushi ba. Dokar da ya kafa ai don masu zafin kai ya kafa ta, ba don taubasai ba. Direkte ya zo da la'asar ya zauna ya ce, Mushe, shekararka ta ƙarshe ce fa, kada ka yi mana irin ta wancan karo. Sa'a kuwa ta yi masa miyar da ya fi so ba tare da ya tambaya ba. Alhusaini kuwa ya wanke takalman ƙwallonsa ya shanya a kan katanga yana fito. Kafin magariba Iro ya gama yanke shawara: zai ce a rubuta rawaya. Ya ji sanyi a ransa, har ya fara tunanin inda za a ajiye kup a ofishin direkte.

Litinin da safe ya raka Idrisa tasha, da nufin ya gaya masa in za su rabu. Suka tsaya teburin Yunusa kamar kullum. Yunusa ya zuba musu shayi, ya yanka burodi, ya tura wa Iro nasa.

“Na ji labari, Mushe,” in ji shi. “Wasan taubasai na, ba wani abu ba. A bar yaro shi buga. Mu ma mu ga kup ɗin nan kahin mu mutu.”

Iro ya ɗaga kai ya dube shi. Ya nemi gori a fuskar mutumin bai samu ba. Da zuciya ɗaya Yunusa ya faɗa, yana goge tebur. Da gorin ya yi masa, wallahi da ya fi sauƙi, don Iro ya iya amsa gori. Wannan tsohon ne ya durƙusa masa a zaure saboda ɗansa guda, ya tashi da a'a, ɗan kuma yana can Abijan, sai shekara biyu uku yake leƙo gida. Yau shi ne yake ba shi izinin ya sassauta wa nasa. Kunya ta rufe Iro tun daga kai har ƙafa. Ya ajiye burodin.

“Idi,” ya ce, “hiddo takardar.”

Idrisa ya fiddo.

“Rubuta abin da yah hwaru.”

“Kawu…”

“Ja kab ba shi. Rubuta ja.”

Idrisa ya matsar da kofi ya rubuta a nan kan teburin shayi. Da ya gama ya yi ajiyar zuciya, wadda Iro ya gane ta sauƙi ce, ashe shi ma bai so ƙaryar ba. Yunusa ya ajiye tsumman goge tebur. Ya juya musu baya ya ɗauki mafici ya yi ta fifita garwashin da yake ci sarai, har motar Madawa ta cika ta tashi bai juyo ba.

Gida kuwa ya yi zafi. Inna Lantana ta juya fuska ga bango duk lokacin da Iro ya shigo gaishe ta. Direkte ya daina kiransa Mushe, sai sirbeyan. Alhusaini ya same shi a bakin fili da yamma, idanunsa jajur, wannan ne karo na farko da aka ga yaron babu dariya.

“Baba, ba da hushi niy yi ba.”

“Na sani.”

“To don mi?”

“Hannu kas sa. In kun komo gida ka cire mashi har wando, ba ruwana. Amma can ƴan Sabon Gida ba su san taubashinka ba, arbitir sunka gani, kuma sunka ga ɗan Mushe Iro ya taɓa shi. Ɗauki tasa.”

Tasa talatin. Ga shi filin babu sauran dutse, an tsince su tas tun shekaru, sai da yaron ya riƙa hawa tudun bayan kolej yana ɗaukowa. Kwana huɗu yana yi, yana kuka yana jerawa, abokansa suna motsa jiki a gefe suna kasa kallonsa.

Final da wani kolej na ƙasar Keita aka yi, yara dogaye masu gudu. Alhusaini ya zauna bayan igiya da rigar gida. Ƴan salamu alaikum suka yi abin da suka iya. Mai tsaron gidansu, Shadrak, ɗan majo, babban malamin asibitin gari, ya kama ƙwallaye har tafin hannunsa ya fashe. Sau biyu suka sami hanya, mai tsaron gidan Keita shi kaɗai a gabansu, sau biyu yaron da aka sa a gurbin Alhusaini ya buga sama. Duk filin ya san wanda ba zai zubar da waɗannan ba. Saura minti goma sha biyu ƴan Keita suka ci, a haka aka tashi.

Iro ya jera yaransa suka tafa wa masu kup, ya gaisa da arbitir, ya gaisa da malaminsu. Sannan ya zaga bayan motar da ta kawo su ya dafa taya ya yi kuka, kuka na gaske har da majina, na mutum mai shekara sittin da ya san ba zai sake samun wata Asabar ɗin ba. Bai yi nadama ba, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya share fuska da hularsa ya dawo ya ƙirga yara suka hau.

Ƙarshen shekarar ya ajiye aiki. Yana da ƴar garka a fadama da ya gada, ya sayi injin ban ruwa ya koma noman albasa, kuma in ka ga fangalinsa ka san mai igiya ne ya ja su. Rayuwar ta karɓe shi. Tumbin ya ragu, barci ya ƙaru, da safe ya sha shayin Yunusa ya gangara. Inna ta huce bayan kwana goma sha ɗaya. Ba ta ce ta huce ba, fura kawai ta aiko masa da ita, ta ce a gaya masa tun yana duba layi haka yake, ba ya gyaruwa. Alhusaini ne ya fi daɗewa. Wata uku yana gaida ubansa gaisuwar baƙo, sannan a hankali dariyar ta dawo.

Kolej ta sami malamin wasanni na gaske, wani saurayi Mushe Yohanna, wanda ya san dabarun da Iro bai taɓa ji ba. Ya so ya soke dokar tasa, ya ce ta tsufa. Yaran ne suka ƙi, Alhusaini a gaba, don shi ne kapiten yanzu. Iro bai sake taka filin ba. Ya ce albasa ba ta ba shi lokaci, amma Sa'a ta san ba ya iya kallo ne ba tare da ya yi ihu ba, kuma ba ya son ya shiga aikin wani.

Shekarar da ta biyo suka sake kai final, wannan karon a Keita. Aka zo har gida aka ce ga wuri gaban mota, Iro ya ce ranar ban ruwa ce. Ya wuni a garka, bai kunna rediyo ba, bai ɗauki waya ba, bai ci abincin da aka aiko ba. Da la'asar sakaliya yana tsugune yana buɗe wa wani fangali ruwa, ya ji ƙahon mota daga kan tudu, ana ta dannawa ba a saki. Ya ƙi ɗaga kai. Sai da ya ji ƙafafu suna gangarowa da gudu, sannan ya miƙe ya daka tsawa a bi kan kunya, kada wanda ya taka masa albasa.

Suka jeru a kan kunya ɗaya bayan ɗaya, da rigunansu na wasa, Mushe Yohanna a baya. Alhusaini ne a gaba, leɓensa a kumbure, gwiwarsa a ɗaure, yana rungume da abin a ƙirji. Shadrak ya fara ba da labari yana haki, yadda aka yi ta harbin Alhusaini tun farkon wasa, yadda aka kayar da shi cikin gida arbitir ya ƙi busa penalti, yadda ya tashi ya sa hannu a baya ya yi magana biyu ya koma wurinsa, yadda ya ci ta biyun. Iro ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ɗansa yake kallo.

“Karto nawa?”

“Ko guda, Baba.”

Yaron ya miƙo kup ɗin. Iro ya dubi hannayensa, duk laka. Ya sunkuya ya wanke su a ruwan da ke gudu, ya goge a gaban rigarsa, ya sake gogewa, sannan ya karɓa. Sunan kolej ne a jiki da shekara, babu nasa. Ƙarami ne fiye da yadda yake hange shi daga nesa, hannu ɗaya ma yana motsi.

“Ashe ba shi da nauyi,” ya ce.

Ya zauna a kan kunyar da kup ɗin a cinya, ya riƙe shi da hannu biyu. Injin yana ta aiki. Ruwan da ya buɗe ya cika fangalin ya tumbatsa, ya ɓalle kunya ya shiga na gaba, ya jiƙe masa takalmi da gefen wando. Yaran suka ga abin suka dubi juna, babu wanda ya gaya masa, shi ma yana gani bai tashi ba.